Idan Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Ba Kullum Ne Laifin Netwok Ba

  Ina gaida mutanen Karaye da Kwanyawa da Yammedi da Turawa. Ina gaida na Rogo da Zarewa da Fulatan da Gwangwan. Na gona, sannunku da aiki. Na kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. Uwargida, a ɗan ƙaro muryar rediyon, domin zancen yau ya shafi yaran gidanki.

Yau za mu yi magana a kan shafin intanet da ya ƙi buɗewa. Abin kamar ƙarami ne, amma yana cin kuɗin mutane. Yana cin lokacinsu. Wani sa'in har ya ci wa yaro shekara guda ta karatu.

Ku dubi yadda abin yake faruwa. Dattijo ya taso daga ƙauye, ya biya ɗan acaɓa, ya shigo cikin gari wurin masu kwamfuta. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini sakamakon jarrabawar yarinyar nan." Yaron shago ya danna, ya sake dannawa, ya ɗago kai ya ce, "Baba, sai haƙuri, netwok ne. Ku dawo gobe." Baba ya koma gida. Gobe ya sake biyan kuɗin acaɓa. Amsar dai ita ce ta jiya.

Netwok ne. Wannan ita ce amsarmu ga komai. Banki ya ƙi, netwok ne. Fotal ya ƙi, netwok ne. Alhali sau da yawa kwamfutar ta riga ta faɗi abin da ke damunta. Ta rubuta shi ƙuru-ƙuru a fuskarta, da lamba mai harafi uku. 404. 500. 503. Mu ne ba mu karanta ba.

To abin da nake so ku tafi da shi yau ke nan: ku karanta lambar. Lambar ce za ta gaya muku inda matsalar take, kuma ita za ta gaya muku ko gyara za ku yi ko jira. Zan maimaita: ku karanta lambar.

Bari mu fara da kashi na farko. Me ke faruwa idan ka danna adireshin shafi?

Shafin da kake nema ba a cikin wayarka yake ba. Yana ajiye a cikin wata babbar kwamfuta da ba a kashe ta dare da rana. Ita ake kira saba. Tana iya kasancewa a Legas ko Abuja, tana iya kasancewa a Turai ko Amurka. Aikinta ɗaya ne: a tambaye ta shafi, ta miƙo.

Ka ɗauka ka aiki yaro kanti. Ka ce, je ka kantin wane ka karɓo mini kaza. Wayarka ita ce yaron. Kantin shi ne saba. Hanyar da yaron zai bi ita ce netwok, tun daga ƙarfen sabis na garinku har zuwa wayoyin da aka binne a ƙasa da waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku.

Yaron nan zai iya dawowa da labari iri uku. Ko ya ce, "Baba, ban isa ba, hanya ta yanke." Ko ya ce, "Na isa, mai kanti ya ce ba shi da abin da kuka faɗa." Ko ya ce, "Na isa, amma kantin ne ba lafiya, an yi wa mai shi yawa, ko ya rufe yana gyara." Kun ga matsala uku ce daban-daban. Ta farko ce kaɗai take netwok.

Duk amsar da saba za ta bayar tana haɗo ta da lamba. Idan komai ya tafi daidai, lambar ita ce 200, kuma ba ka ganinta, shafinka kawai kake gani. Sai an samu tangarɗa lambar take fitowa fili. Wannan tsari ya samo asali tun farkon yanar gizo, wadda wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya ƙirƙiro a shekarar 1989 a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Geneva. Zuwa 1996 an rubuta ƙa'idojin lambobin a takarda, kowa ya bi. Shi ya sa 404 a Rogo ita ce 404 a Makka, ita ce 404 a Sin. Akwai wani labari da ake yaɗawa, wai 404 lambar wani ɗaki ce a wannan cibiya. Waɗanda suka yi aikin sun ƙaryata shi, don haka mu bar shi nan.

Ga ƙa'idar, kuma mai sauƙi ce. Lambar da ta fara da huɗu, ka duba ɓangarenka, ka duba abin da ka nema. Lambar da ta fara da biyar, matsalar tana can wurinsu. Huɗu, duba naka. Biyar, nasu ne.

Kafin mu shiga lambobin, kashi na biyu: yaya ake gane netwok na gaskiya?

Idan hanya ce ta yanke, galibi ba za ka ga lamba mai harafi uku ba. Waya za ta yi ta juyi, daga nan ta ce ba ta iya kaiwa ga shafin ba, ko ta ce babu intanet. Masu amfani da Chrome sun san wata 'yar dabba mai gajerun hannuwa da take fitowa a lokacin. Gwajin ba wuya. Buɗe wani shafi daban wanda ka saba buɗewa. Idan shi ma ya ƙi, duba datarka, duba sabis, ko ka gwada layin wani kamfanin. Idan ya buɗe, to hanyarka lafiya lau take.

Mun ga irin wannan yankewar da idonmu. A watan Satumba na 2021 an katse sabis ɗin waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomi na Katsina, maƙwabtanmu. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe, har bankuna suka ji a jikinsu. Wannan shi ne netwok. A irin wannan rana yaron shago ya yi gaskiya.

Amma da zarar ka ga 404 ko 500 ko 503, ka sani saƙonka ya je ya dawo. Datarka tana aiki. Sabis yana aiki. Kada ka ruga sayen sabuwar data. Kada ka hau kan katanga kana ɗaga waya sama. Ba a nan gizo yake saƙar ba.

Yanzu kashi na uku: lambobin da suka fara da huɗu. Babbarsu ita ce 404. Huɗu, sifili, huɗu.

Za ka gan ta tare da kalmomin Turanci biyu, Not Found, wato ba a samu ba. Saba tana nan, tana da rai, ta ji ka. Abin da take cewa shi ne, shafin da ka ambata ba ya wurina.

Me ke kawo haka? Na farko, kuskuren rubuta adireshi. Harafi ɗaya tak ya isa. Ka sa sifili a inda ake son harafin O. Ka sa lamba ɗaya a inda ake son ƙaramin harafin L. Ka sa babban baƙi a inda ake son ƙarami, domin wasu sabobin suna bambanta su a ɓangaren adireshi da ke bayan sandar nan mai karkata. Ko kuma an turo maka adireshin ta WhatsApp, wajen kwafowa wutsiyarsa ta guntule. Kwamfuta ba ta da kara. Ba za ta ce ai na gane abin da yake nufi ba.

Na biyu, shafin ya tashi daga inda yake. Makaranta ta sake fasalin shafinta, ta canza wa komai wuri, tsohon adireshin da ke kan takardar bara ya zama kufai. Na uku, an cire shi gaba ɗaya. An buɗe ɗaukar ma'aikata na mako shida, wa'adi ya cika, aka sauke fom ɗin. Kai kuma sai yanzu saƙon ya iso wayarka, bayan ya zaga zaurukan WhatsApp wata uku.

To me za ka yi da 404? Abu na farko, ka daina sake dannawa. Ko sau ɗari ka danna, amsar ɗaya ce. Jira ba ya maganin 404. Wanda ya ce maka ka dawo gobe a kan 404, kuɗin mota kawai zai sa ka ɓarnatar.

Ka karanta adireshin harafi bayan harafi. Idan daidai yake, goge wutsiyarsa, ka bar kan kawai. Misali, adireshin hukumar JAMB shi ne jamb, ɗigo, gov, ɗigo, ng. Duk abin da ya biyo bayan wannan, goge shi, ka shiga ta babbar ƙofa. Daga nan ka nemi abin da kake so a cikin jerin da suka tsara. Sau tari za ka tarar shafin yana nan, wuri kawai aka canza masa.

Akwai 'yan'uwan 404, zan ambace su a gurguje. 401 tana cewa sai ka shigar da sunanka da lambar sirrinka. 403 tana cewa shafin ba naka ba ne, ba a ba ka izinin shiga ba. 410 tana cewa an cire shi da gangan kuma ba zai dawo ba, amma ba kasafai ake ganinta ba. 429 kuwa tana cewa ka cika dannawa, ka ɗan saurara. Duka dai huɗu ne. Huɗu, duba naka.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan lambobin da shafin intanet yake nunawa idan ya ƙi buɗewa. Mun gama da na huɗu. Ga kashi na huɗu na shirin, inda za mu ɗauki lambobin da suka fara da biyar. A nan zan ɗan daɗe, domin a nan aka fi cutuwa.

500 ita ce ta farko. Ma'anarta, wani abu ya lalace a cikin sabar kanta. Adireshinka daidai ne. Wayarka ƙalau. Injiniyoyinsu ne ke da aiki a gabansu.

Kada ku ɗauka wannan lamba ta ƙananan shafuka ce kawai. Duk wanda ya yi zaɓe a Karaye ko Rogo ranar 25 ga Fabrairu 2023 ya tuna da na'urar BVAS. An yi alkawarin za a ɗauki hoton takardar sakamako a kowace rumfa a ɗora ta a shafin hukumar zaɓe mai suna IReV, kowa ya gani daga wayarsa. Na 'yan majalisa suka riƙa hawa. Na shugaban ƙasa suka ƙi, sai can da dare suka fara shiga. Da hukumar INEC ta fitar da rahotonta a 2024, ta ce amsar da saba ta riƙa bayarwa ita ce wannan lamba, 500. A bayaninta, an tsara ma'ajiyar ne ta yadda kowane sakamako zai shiga ƙarƙashin wata jiha, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa na ƙasa ne baki ɗaya, sai tsarin ya rasa inda zai ajiye shi. Wasu sun gamsu da wannan bayani, wasu har gobe ba su gamsu ba, kuma ba shi ne zancenmu na yau ba. Abin lura shi ne, ma'aikacin zaɓen da ke tsaye a rumfa, jama'a sun kewaye shi suna huci, ba abin da zai iya yi. Gyaran ba a hannunsa yake ba.

Haka a watan Mayun 2025, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito bainar jama'a ya amsa cewa tangarɗar na'urorinsu ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Na kawo wannan ne domin iyaye. Idan yaro ya dawo ya ce fotal ya ƙi, kada a fara da zagi. A tambaye shi, wace lamba ka gani?

Sai 503. Wannan ita ce lambar ranar cunkoso. Tana cewa, ina nan, amma yanzu ba zan iya sauraronka ba. Ko an yi mata yawa, ko an rufe ta ana gyara.

Mu nan mun fi kowa sanin masu fama da ita. Sansanin 'yan bautar ƙasa na jihar Kano yana nan Karaye, a Kusalla, gefen dam. Duk matashin da kuka gani ya sauka da jaka zai yi mako uku a sansanin, ta intanet ya yi rajista, ta intanet ya ga jihar da aka tura shi, ta intanet ya ciro takardar kiransa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Ranar da aka buɗe, dubban waɗanda suka gama jami'a da kwalejoji daga kowace kusurwa ta Najeriya suke afka wa shafi ɗaya a lokaci ɗaya. Haka ranar da sakamakon WAEC ko NECO ya fito. Haka ranar ƙarshe ta kowace rajista. Kowace saba tana da iyakar mutanen da za ta iya ɗauka a lokaci guda. Idan aka wuce iyakar, sai ta fara mayar da mutane.

Ga inda muke ƙara wa kanmu wahala. Shafi ya ƙi, sai mutum ya hau dannawa ba ƙaƙƙautawa. Kowace dannawa sabon aike ne. Mutum dubu, kowa ya danna sau ashirin, an mayar da cunkoson na mutum dubu ashirin. Maganin 503 shi ne a ba ta sarari. Bari minti goma ko rabin awa. Gwada bayan sallar asuba, ko da tsakar dare lokacin da jama'a suka kwanta. Wanda ke riƙe da katin duba sakamakon WAEC ya tuna sau 5 kawai ake amfani da shi, ba abin gwaje-gwaje ba ne a ranar da shafi ke tangal-tangal.

Babban magani kuwa, kada ka bari sai ranar ƙarshe. Na san dalilin da ke sa wasu jinkiri. Kuɗin rajista ba ya samuwa sai an sayar da buhun masara ko an kai akuya kasuwa. Wannan uzuri ne na gaskiya. Amma wanda kuɗinsa ke hannu ya zauna har ranar rufewa, shi ya jawo wa kansa.

Kun ga bambancin? 404 ba ta son jira, gyara take so. 503 ba ta son gyara, jira take so. Wanda ya juya su ya sha wahalar banza.

Kashi na biyar, kuma ina roƙon a saurara da kyau, domin zancen kuɗi ne. 502 da 504.

Wani lokaci saba ba ita kaɗai take aiki ba. Ka shiga shafin makaranta za ka biya kuɗi. Shafin makaranta zai tuntuɓi kamfanin karɓar kuɗi, irin su Remita. Shi kuma zai tuntuɓi bankinka. Idan na gaba ya ba da amsar da ba ta da kan gado, sai ka ga 502. Idan ya yi shiru har aka gaji da jiransa, sai ka ga 504.

Haɗarin yana nan: 504 ba ta ce ba a cire kuɗinka ba. Cewa ta yi ba ta ji amsa ba. Mai yiwuwa banki ya riga ya cire, labarin ne bai dawo ba. Mutum ya ga shafi ya tsaya, ya ce bari in sake. Ya sake. Can anjima alat biyu suka shigo.

Don haka idan ka danna biya, shafi ya nuna lamba mai fara da biyar, cire hannunka. Kada ka sake biya. Zan maimaita: kada ka sake biya. Ɗauki hoton fuskar wayar yadda lambar da lokacin za su fito. Duba asusunka. Idan ta Remita ne, rubuta lambar nan da ake kira RRR a takarda, ita ce shaidarka. Shafuka da dama suna da wurin da ake dannawa a sake tantance biyan da aka riga aka yi. Idan an cire kuma bai shiga ba, kai ƙara bankinka da shaidarka a hannu. Tun shekarar 2020 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su warware irin wannan matsala ta POS da ta biya a intanet cikin awa 72. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba.

Akwai kuma masu jiran irin wannan rana. Da zarar shafin gaskiya ya faɗi, sai ka ga saƙo yana yawo: ga sabon adireshi, wannan yana buɗewa nan take. Ka shiga, ka ga tambarin hukuma, ka ga launin tutar Najeriya. Su nemi lambar BVN, su nemi lambar katinka, su nemi lambar sirrin da banki ya turo maka. Shafin ɗan damfara ba ya nuna 503, domin ba kowa a kansa sai wanda tsautsayi ya kai. Kuma ku sani, idan kuskuren rubutunka a kan adireshin ne, ba a wutsiya ba, ba lalle ka ga 404 ba. Kana iya faɗawa shafin wani da ya yi rajistar suna mai kama da na gaskiya yana jiran mai kuskure.

Yawancin shafukan gwamnati suna ƙarewa da gov, ɗigo, ng. Na jami'o'i da edu, ɗigo, ng. Ban ce duka ba, akwai hukumomin da ke amfani da wani daban. Shi ya sa ya fi kyau ka ɗauki adireshi daga takardar hukumar kanta, ko daga allon sanarwar makaranta, ko daga bakin jami'inta. Ban da wanda aka turo a zaure aka ce a yaɗa.

Kashi na ƙarshe. Akwai 404 da ba kuskurenka ba ce, kuma ba ta da gyara. Shafin ya mutu.

Muna da wata magana, wai abin da ya hau intanet ba ya ɓacewa. Abin kunya kam yakan daɗe. Abin amfani kuwa yana ɓacewa kullum. A 2024 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta bi diddigin shafukan da suke nan a 2013. Ta tarar kashi 38 cikin ɗari ba sa buɗewa bayan shekara goma. Fiye da ɗaya cikin uku ke nan. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Sunan shafi haya ake yi, duk shekara sai an sabunta. Saba ma haya ce. Jarida ta durƙushe, shafinta ya bi ta. Gwamnati ta sauya, sababbi suka zo suka buɗe nasu, suka bar na baya ya mutu. Wanda ya san lambar sirrin shafin ofis ya yi ritaya ya tafi da ita.

Ku ɗauki tarihinmu na kwanan nan. A 2019 aka kafa masarautar Karaye cikin sababbin masarautu huɗu na jihar Kano. A watan Mayun 2024 aka soke dokar. Bayan wata biyu aka dawo da ita a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo. Mafi yawan abin da aka rubuta a kan wannan lamari, sanarwa da hotuna da hirarraki, a shafukan intanet da Facebook yake. Ɗalibin da zai rubuta kundin digirinsa a kai nan da shekara ashirin, nawa zai tarar? Haka labarin dam ɗin Challawa da garuruwan da aka tasa dominsa. Abin da aka rubuta game da yankinmu dama ba shi da yawa. Idan kaɗan ɗin ya salwanta, ba mai mayar mana.

Akwai wata ma'ajiya a Amurka mai suna Internet Archive, an kafa ta a 1996. Tana ɗaukar hoton shafuka tana ajiyewa. Sashenta da ake kira Wayback Machine kyauta ne. Ka sa mataccen adireshi, idan an yi sa'a ta taɓa ɗaukarsa, za ta nuna maka yadda yake a da. Kana ma iya sa ta ta ajiye shafi yau domin gobe. Malaman makaranta da ɗalibai, ku riƙe wannan suna. Amma ba komai take kamawa ba, kuma abin da ke bayan lambar sirri ba ta ganinsa.

Saboda haka takardar da ta shafi rayuwarka, kada ka bar wa shafi ajiyarta. Takardar shiga jami'a, sakamakon jarrabawa, rasit ɗin kuɗin makaranta, takardar NIN, takardar kiran bautar ƙasa. Ranar da ta buɗe, a ranar za ka sauke ta cikin waya. Ka buga ta a takarda, kwafi biyu. Inna, ke da ba kya taɓa kwamfuta, wannan aikin naki ne. Ki ce, ina takardar? A ba ki ki sa a ƙasan akwati.

Ina da magana da 'yan'uwanmu masu shagunan kwamfuta a Karaye da Rogo. Ku ne idon jama'a a wannan harka, kuma kuna ƙoƙari, ga tsadar mai ga rashin wuta. Amma dattijon da ya zo daga nesa ya cancanci amsa ta gaskiya. Idan 404 ce, ku ce, "Baba, adireshin ne ba daidai ba, bari mu nemo na gaskiya." Idan 503 ce, ku ce, "Baba, cunkoso ne, ku bar mini lambar waya, in ya buɗe zan kira ku." Kada a sa shi zirga-zirga.

Sai kuma masu shafukan, wato hukumomi da makarantu da ƙananan hukumomi. A ganina yawancin 404 da talaka ke cin karo da ita a shafin hukuma sakaci ne. Idan kun canza wa shafi wuri, akwai hanyar da tsohon adireshi zai riƙa kai mutum sabon kai tsaye, lambarta 301, kuma aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya iya. Idan kun rufe rajista, ku bar rubutu cewa an rufe ranar kaza. Idan za ku yi gyara, ku sanar tun da wuri, ku faɗi lokacin dawowa. Idan sabarku ta faɗi a ranar ƙarshe, adalci shi ne ku ƙara wa'adi, domin laifin ba na yaran ba ne. Kuma tunda masu shiga shafukan nan Hausawa ne, me zai hana a rubuta saƙon da Hausa, mutum ya san ko ya jira ko ya tafi?

Masu sauraro, lokaci ya yi mana halinsa. Wanda ya ci karo da wata lambar da ba mu ambata ba, ya rubuta ta a takarda ya aiko mana, za mu yi bayaninta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.